Yadda na bi sawun kakana daga Zangon Agege har dajin Bama

Da yawa daga cikinmu da aka haifa a Agege ko Idi-Araba ko Obalende, in aka ce ina ne garinku sai mu ce Kano ko Katsina ko Sakkwato, amma in aka ƙara da cewa wace unguwa, gidan wa, waye ya fara gangarowa Kurmi a cikin danginku kuma me ya kawo shi, sai ka ji an yi shiru. Ni abin da na tashi na sani game da kakana na wajen uba bai wuce abu uku ba, ya yi yaƙin Bama, wato ƙasar Burma a yaƙin duniya na biyu, ya dawo ya zauna a Agege yana harkar goro, ya rasu kafin a haife ni aka mayar mini da sunansa. Shikenan. Da yarana suka fara tambayata abin da ba ni da amsarsa sai abin ya tsaya mini a rai, na ɗaura niyyar sai na bi sawun mutumin nan iya inda ƙafata za ta kai. Na rubuta wannan ne saboda duk wanda ke da irin wannan niyya ya san ta ina zai fara, me zai riƙa a hannu, ina zai samu abu ina kuma zai ɓata kuɗin motarsa a banza, don ni babu wanda ya yi mini wannan bayanin.

Da Gwaggo na fara, yayar babanmu, ita ce babba a 'ya'yansa kuma ita kaɗai ta rage. Saboda sunan mahaifinta gare ni ba ta faɗin sunana, Babana take ce mini. Ranar farko na je da littafi da biro kamar ɗan jarida ina tambayarta wace shekara kaza ya faru, tace Babana ni ina na san wata shekara, mu da ba mu yi boko ba. Daga baya sai na koma zuwa bayan la'asar in ta gama lazimi, in kai mata goro da turare, in kunna rikoda ta waya in ajiye a gefen tabarma da saninta, in bar ta ta yi ta zuba. Toh a nan ne abubuwa suka fara fitowa. Ita lissafinta da abubuwan da suka faru take yi, tace lokacin da Sarauniya ta zo ta fara tallan goro a tasha amma ba ta isa ɗaukar babban faranti ba, kuma ta tuna an kwashi yara zuwa bakin titi wajen Ikeja ana ɗaga ƙananan tutoci. Sarauniya Elizabeth ta sauka a filin jirgin Ikeja ne a watan Janairun 1956, kun ga daga nan na iya ƙiyasta cewa an haifi Gwaggo jim kaɗan bayan dawowar sojoji a 1946. Tace ranar da aka ba da mulkin kai mahaifinsu ya sa jar dararsa ya tafi Ikko tun da rana bai dawo ba sai washegari, wato filin sukuwa da yanzu ake kira Tafawa Balewa Square, inda aka sauke tutar Ingila daren 1 ga Oktoba 1960.

Abin da ta fi daɗewa a kai shi ne zaman gida na wancan lokacin, kuma wallahi na ji daɗin sauraro. Duba-gari, tace ba abin da mata ke tsoro kamarsa, zai shigo da gajeren wando da doguwar safa da ludayi a hannu ya buɗe randa ya kamfato ruwa ya ɗaga wa rana, in ya ga tsutsa ko ɗaya ce sai sammaci da tara, shi ya sa da an hango shi daga bakin layi yara za su ruga suna sanarwa, mata su yi ta tuntsurar da randuna suna asarar ruwan da suka sha wahalar ɗebowa. Ta lissafa mini kuɗin da, anini da ɗari da kwabo mai huda a tsakiya da ake zura wa zare a ɗaura a ƙugu, taro, sisi, sule, sai fam wanda tace ita ba ta taɓa riƙe shi ba sai da aka yi mata aure. Tace takardar haraji kuwa mahaifinsu a cikin hula yake sa ta in zai fita, don in ɗan sanda ya tare ka ba ka da ita ka kwana a caji ofis. Ikoyi kuma ba wurin zuwan baƙin mutum ba ne sai in kuku ne ko boyi ko mai gadi. Ba ta zagin Turawa ba ta kuma yabonsu, abin da take cewa shi ne kaya na da araha amma mutum ba shi da bakin magana. Na sha jin matasa a majalisa suna cewa gara zamanin Bature, ina ganin da sun zauna da irin su Gwaggo sun ji ɓangare biyun da sun rage saurin faɗin haka.

Sai da muka saba da wannan zaman sosai sannan wata rana ta sa aka kori jikoki daga ɗakin, tace Babana zan gaya maka abin da ko ubanka bai cika son a faɗa ba. Ashe kakanmu ba mutumin Kano ba ne. Daga wani ƙauye yake a wajen Matamaye, ƙasar Damagaram, wato Nijar ta yanzu, lokacin tana hannun Faransa. Shi da ƙanensa suka gudo saboda aikin tilas da tsananin haraji, suka tsallako ta Daura suka shigo Kano suna dako a kasuwa, a nan aka ɗauke su soja tare. Shi ya dawo, ƙanen bai dawo ba. Tace har ya tsufa in damina ta yi ƙarfi da dare yakan farka yana kiran sunan ƙanen nan. Na fahimci dalilin da ya sa aka rufe zancen, kowa ya san yadda maganar takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma take a ƙasar nan, amma ni ban ga abin kunya ba, mutum ya bar ƙasar da Bature ɗaya ke mulka ya shiga wadda wani Baturen ke mulka alhali harshe ɗaya ne dangi ɗaya ne a ɓangarorin biyu, kuma Faransa ba ta soke aikin tilas a ƙasashen da take mulka ba sai 1946.

A ranar ce ta sa aka jawo adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai tsofaffin takardun haraji da suka manne da juna, hoto ɗaya da ruwa ya ci rabinsa, lambobin yabo guda uku har da tauraron Bama, da kuma wani ɗan littafi a naɗe cikin tsumma, littafin sallama daga soja. Ku lura da wannan, lambobin yabon da Ingila ta raba a yaƙin duniya na biyu ba a zana sunan mai su a jiki ba, don haka su kaɗai ba za su kai ka ko'ina ba. Littafin sallamar shi ne komai. A ciki na ga lambarsa ta soja wadda ta fara da NA, shekarar ɗauka 1942, shekarar sallama 1946, bataliyarsa, tsayinsa, bayanin zanen da ke fuskarsa, da dangwalen babban yatsansa. Sunan da aka rubuta kuwa sunansa ne na yanka sai aka liƙa masa Kano a matsayin suna na biyu, ba sunan mahaifinsa ba. Haka akawun soja suke yi a lokacin, sunanka da garin da ka ce ko garin da aka ɗauke ka, shi ya sa za ka ga jerin sojoji cike da wane Sokoto, wane Zaria, wane Yola, wane Bauchi. Wanda ya tafi neman kakansa da sunan da ake kiransa a gida ko sunan da ke katin ɗan ƙasa na 'ya'yansa zai iya wuce shi a takarda bai sani ba. Na ɗauki hoton kowane shafi a nan gabanta na mayar mata da abinta, don na ga yadda take kallon hannuna.

Daga nan sai fadar Sarkin Hausawan Agege. Ba a zuwa irin wannan wuri kai tsaye, kawuna ne ya yi mini iso ta hannun wani mai unguwa, aka ce in zo ranar Juma'a bayan an sakko. Na jira sosai don akwai masu shari'ar bashi da masu ɗaurin aure a gabana, amma da aka zo kaina an saurare ni da mutunci. Ba su da wani kundin sunayen mutanen da, kar ka je da wannan tsammanin, abin da suke da shi sanin waye ya san wa. Nan take wani dattijo yace a kai ni wajen wani Baba a cikin Zango wanda ya haura casa'in, wai ya yi yaron shago a layin da kakana yake. Ban biya komai ba sai ɗan abin gaisuwa da na ga ya dace.

Baban nan jinsa ya yi rauni amma ƙwaƙwalwa garau. Da aka faɗa masa ko ni jikan waye sai ya kama hannuna yana shafawa yace Allah sarki, jikan Kofur ne. A nan na fara jin cewa Kofur ake ce masa a kasuwa. Nace Baba Allah ya ƙara lafiya, so nake in ji yadda ya shiga goro. Yace ai bai fara da goro ba, gadi ya fara a wani sito na kamfanin Turawa a Apapa, yana kwana da kulki da fitilar ƙwai, daga baya ya tara ɗan abin da ya tara ya haɗa da kuɗin sallamarsa ya hau Agege ya raɓu da wani maigida. Ya zayyana mini yadda harkar take, manoma Yarabawa da matansu su kawo goro daga gonakin kewaye, a ɓare a wanke a zaɓe fari daban ja daban, a jera a ganye a ɗaure huhu, 'yan dako su kai tasha a loda a wagunu zuwa Kano, wagunun da suka sauke shanu su ne wani lokaci ke komawa da kaya. Yace kafin goron Kurmi ya kankama, fatake Gwanja suke zuwa da jakuna su yi watanni, jirgin ƙasa ne ya juyo da harkar nan ta dawo ta Agege, kuma layin dogo ya isa Kano ne tun 1911. Shi ne kuma ya gaya mini abin da ya fi amfanata daga baya, wai akwai lokacin da tsofaffin sojojin Agege suka haɗu suka sa wani akawu ya rubuta musu takardar koke zuwa ga Di'o a Ikeja kan alkawarin aiki da aka yi musu ba a cika ba, kuma Kofur na cikin waɗanda suka dangwala.

Yanzu sai ɓangaren ofisoshi a cikin Legas, kuma a nan ne na fi shan rana. Akwai wani ofis da aka ce mini suna ajiye fayil na tsofaffin ma'aikata, ba zan kama suna ba, na rubuta takardar neman izini aka ce in kawo da hoton fasfo, na kawo aka ce sai da takardar rantsuwa daga kotu cewa ni jikansa ne, na yi na biya, na dawo aka ce mai makullin ɗakin ya tafi hutu, da ya dawo kuma ya buɗe mini sai ga takardu a zube a ƙasa ruwan sama ya jiƙa su gara ta ci rabi. Na tsaya ina kallo raina ya ɓaci ba don kaina kaɗai ba, rayuwar mutane ce a wurin take ruɓewa. Wani tsohon ma'aikaci a wurin ne ya ja ni gefe ya yi mini bayanin da da na ji shi tun farko da ban wahala ba, yace a zamanin Turawa lebura da mai gadi da ɗan dako yawanci 'yan biyan kullum ne, ba a buɗe musu fayil, sunayen da ke fitowa a jerin ma'aikata da gazet na gwamnati na akawu ne zuwa sama, masu fansho. Balle kakana ma kamfani ya yi wa aiki ba gwamnati ba. Takardar haihuwa ko ta mutuwa ma haka, rajistar ta fi ƙarfi a cikin garin Ikko, mutanenmu na bayan gari da na ƙauyukan Arewa ba su shiga ciki ba.

Wurare biyu a Legas dai sun yi mini amfani ta wata fuskar. Na je Jaekel House a cikin harabar reluwe ta Ebute Metta, tsohon gida ne na tun ƙarshen ƙarni na 19 da aka gyara aka mayar ɗan gidan tarihi, akwai tsofaffin hotunan jirage da tashoshi da kayan aikin da, ba za ka samu sunan kakanka a can ba amma za ka ga irin wagunun da ya loda wa kaya. Sai ɗakin karatu na ƙasa da ke Yaba inda na nemi tsofaffin jaridu, irin su West African Pilot ta Azikiwe da ta fara fita a 1937 da Daily Times. Jaridun shekarun bayan yaƙi cike suke da maganar tsadar rayuwa da yajin aikin gama-gari na 1945 da Michael Imoudu ya yi fice a ciki, da koke-koken sojojin da suka dawo ba aikin yi. Karanta su ya sa na gane cewa abin da Baba ya gaya mini ba na Agege kaɗai ba ne, har doka gwamnati ta yi a 1945 kan ɗaukar tsofaffin sojoji aiki, amma mutanen sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne takardun Legas na zamanin mulkin mallaka yawancinsu suna Badun ne. Ma'ajiyar tarihi ta ƙasa wadda aka kafa a 1954 ƙarƙashin Kenneth Dike tana da manyan rassa uku, Badun da Kaduna da Inugu, kuma na Badun da ke cikin harabar jami'a shi ke riƙe da takardun ofishin babban sakataren gwamnati, da na kwamishinan Koloni, wato Legas da kewayenta, da na yankin Ikeja wanda Agege ke ƙarƙashinsa kafin a ƙirƙiro jihar Legas a 1967. Na hau jirgin ƙasa daga tashar Agege zuwa Moniya a Badun, tafiyar ba ta kai awa uku ba, daga can na shiga ƙananan tasin nan Micra, na sauka wajen wani ɗan uwanmu a Sabo don daga nan jami'ar ba nisa. Abin da za ka riƙa, katin shaida, hoton fasfo, da takarda da ka rubuta kana bayanin abin da kake bincike a kai, in kana da wasiƙar gabatarwa daga wata makaranta ko wurin aiki ta fi. Za ka cike fom ka biya kuɗin rajista a ba ka rasit, ɗaukar hoto da waya ko yin kwafi kuma da nasa kuɗin daban, ka tambaya tun a teburin farko. Ba a shiga da jaka ɗakin karatu, kuma ka tafi da fensir da abin cajin waya na tafi-da-gidanka da takunkumi don ƙurar tsohuwar takarda ba wasa ba ce.

Yadda aikin yake, ba wata kwamfuta da za ka buga suna ta fito maka da mutum. Za a ba ka littattafan jerin fayiloli, kowane rukuni da nasa, CSO na babban sakatare, COMCOL na kwamishinan Koloni, sai na Ikeja, ka zauna ka bi taken fayil ɗaya bayan ɗaya ka rubuta lambar wanda kake so a 'yar takarda ka miƙa a shiga a nemo. Jiran yakan yi tsawo, wani lokaci a kawo biyu cikin huɗun da ka nema, shi ya sa ka miƙa buƙatunka da sassafe. Wani ma'aikaci Bayerabe mai kirki da ya ga ina ta laluben suna yace mini in daina neman mutum in nemi al'amari, Hausawan Agege, cinikin goro, haraji, tsofaffin sojoji, rikicin sarautar zango. Na bi maganarsa. Fayilolin farko duk wasiƙun Turawa ne a tsakaninsu, wannan ya rubuta da jan alƙalami wancan ya amsa da shuɗi, suna maganar mutanenmu a dunƙule kamar ana lissafin buhunan gyaɗa. Har na fara sarewa. Sai a wani fayil na tsofaffin sojoji na ci karo da takardar koke da aka buga da tafireta, a ƙasanta jerin sunaye, kowane suna da lambar soja a gefe da dangwalen yatsa. Na fito da wayata na buɗe hoton littafin sallama na bi lambar harafi bayan harafi. Ita ce. Sunan ma an rubuta shi da wani irin kuskure wanda ba don lambar ba da ban gane shi ba. Na daɗe a zaune ban iya juya shafin ba, abin da suke roƙo a takardar bai wuce aikin masinja ko gadi ba, mutanen da suka tsallaka teku suka yi yaƙin da ba nasu ba.

Maganar ƙanen nasa kuwa a waya na warware ta, kyauta. Hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, CWGC, tana da shafi a intanet da za ka nemi sunayen waɗanda suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya ko na biyu a rundunar Ingila, ita ce ma ke kula da kaburburan sojoji da ke maƙabartar Atan a Yaba. Da na sa sunansa da Kano sai mutane da yawa suka fito masu suna iri ɗaya. Sai na tuna Gwaggo tace rana ɗaya aka ɗauke su, nace toh lambobinsu ba za su yi nisa da juna ba, na bi jerin ina duba lamba, sai ga wanda tasa ke bin ta kakana kai tsaye, bataliya ɗaya, ya rasu a farkon 1945. Ba shi da kabari da aka sani, sunansa na jikin bangon tunawa na Rangoon da ke maƙabartar Taukkyan a ƙasar Bama, inda aka zana sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san makwancinsu ba. Da na kai wa Gwaggo na nuna mata tace in karanta mata sunan, na karanta, tace in sake. Sai tace Babana ashe an rubuta shi, mu da muke cewa ya ɓata. Ranar Juma'ar da ta biyo ta sa aka yi waina aka raba sadaka, liman ya yi masa addu'a da sunansa da na mahaifinsa na gaskiya.

Da sunan bataliyar na gane suna cikin runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, wadda ta bi ta Suez zuwa Indiya a 1944 ta shiga yankin Arakan, ita da runduna ta 81 suka haɗu suka karɓe Myohaung a Janairun 1945. Wannan ya dace da labarin da Gwaggo ta ba ni cewa a cikin jirgin ruwa an nuna musu saitin Makka suka yi ta salati, wato Bahar Maliya kenan. Haka labarin ɗaukar kaya a ka cikin daji da jefo musu abinci daga jirgin sama, duk haka aka yi yaƙin a can don babu hanyar mota. Kuma duk wanda ya san Legas ya san barikin Myohaung da na An a Yaba, da Arakan da Tamandu a Apapa, da Dodan a Obalende, sunayen wuraren da aka gwabza ne a Bama, kullum muna wucewa ta gabansu a danfo. Kundin da hafsoshi ke rubuta abin da ya faru kullum a fagen daga yana ma'ajiyar tarihi ta Ingila a Kew da ke Landan, a rukunin WO 172, katin shiga kyauta ne kuma ana barin mutum ya ɗauki hoto. Na samu wani ɗalibi ɗan Najeriya a Landan na biya shi ya ɗauko mini na watannin da nake so. In gaya muku gaskiya, sunayen hafsoshi Turawa ne a ciki, namu sai dai a ce an kashe sojan Afirka kaza an raunata kaza, amma na ga ranar da ta dace da ranar rasuwar ƙanen kakana, na ga sunan rafin da suke ƙoƙarin tsallakawa a ranar.

In na haɗa duk abin da na kashe ya kusa naira 200,000, kuma mafi yawansa ya tafi ne ga ɗalibin Landan da kuɗin jirgi da na kwafi, abubuwan da suka fi daraja kuwa, bakin Gwaggo da na Baba da shafin CWGC, ban biya musu komai ba sai goro da data. Don haka shawarata ga mai niyya, ka fara da tsofaffin gidanku yau ba gobe ba, Baban Zango ya rasu watanni kaɗan bayan zamanmu, kuma ka fi maida hankali kan mata don su ke riƙe da sunaye da auratayya da abin da maza ke ɓoyewa. Ka tambayi laƙabi da sunan bariki da sunan kasuwa, ka tambayi wane sarki ke kan gado ko wace yunwa aka yi lokacin da abu ya faru, daga baya kai ka mayar da shi shekara, misali Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953. Kada ka taka ofis sai kana da lamba, ta soja ko ta aiki ko ta fili. Wanda kakansa ya yi zamansa a Arewa, Kaduna zai nufa ba Badun ba, a can takardun larduna suke irin su KANPROF na Kano da SOKPROF na Sakkwato da ZARPROF na Zariya, ga kuma Arewa House a garin. Wanda asalinsa ya tsallaka iyaka kamar nawa, takardun Faransa suna Yamai da Dakar kuma da Faransanci suke, sai ka nemi mai karanta maka. Duk fayil ɗin da ka buɗe ka fara ɗaukar hoton bangonsa da lambarsa kafin na ciki, in ba haka ba za ka dawo gida da hotuna ɗari ba ka san wanne daga ina ba. Tsohuwar takarda kuma don Allah kar a kai ta shago a manne ta da roba mai zafi, tana lalata tawada kuma ba ta ɓantaruwa, a sa ta a ambulan mai tsabta a ɗaga ta daga ƙasa saboda ambaliyar Legas, muryoyin da ka naɗa kuma ka tura wa 'yan uwa biyu ko uku tun kafin waya ta faɗa ruwa.